Kuɗin Ƙaramar Hukuma: Abin da Kotun Ƙoli Ta Gyara da Abin da Ya Rage a Zariya

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a, Lateef Fagbemi, ya shigar da jihohi 36 a madadin gwamnatin tarayya. Alƙalai bakwai ne suka zauna, Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin. Kotun ta ce kason ƙananan hukumomi 774 ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba tare da ya yada zango a wurin gwamna ba. Ta kuma ce gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantoma, kuma duk ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita kada a ba ta ko kwabo sai an yi zaɓe.

An yi murna a Zariya kamar yadda aka yi ko'ina, kuma murnar da dalilinta. Mutumin Limancin Kona ko Muciya da lambatun unguwarsu ya cushe shekara da shekaru, wanda 'ya'yansa ke zaman daɓe a ajin firamare, dole ya ji sanyi a ransa idan aka ce masa kuɗin garinsu zai daina kwana a Kaduna. Sai dai hanyar kuɗi kawai hukuncin ya gyara. Bai taɓa wanda ke shirya zaɓen ciyaman ba, bai taɓa wanda ke karɓar kuɗin rumfar kasuwa ba, haka nan wanda ke ɗaukar malamin firamare ko ya sallame shi. A jiharmu kuwa duk waɗannan an kwashe su ɗaya bayan ɗaya an kai Kaduna. Ko gobe aka fara zuba wa ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kuɗinsu cif-cif, za a zuba shi ne ga hukumar da aka rage wa aiki, wadda shugabanta ya san ba ƙuri'ar 'yan unguwa ce kaɗai ta kai shi kujerar ba.

Dattawan garin nan sun ga zamanin da hukumar gida take da ƙarfi. En'e ta Zazzau, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, tana da baitulmalinta da 'yan dokanta da gidan yarinta, tana da kotunan alƙalai da makarantun elementare da asibitocin sha-ka-tafi, ga duba-gari masu shiga gida su leƙa randa. Kuɗinta daga haraji da jangali yake fitowa: mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Ƙarfi kam akwai shi, amma talaka ba shi da bakin tambaya, kuma 'yan jam'iyyar NEPU irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan neman wannan bakin. A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Gowon, aka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. A 1976 aka yi garambawul ɗin da ya samar da ƙananan hukumomi iri ɗaya a faɗin ƙasa, aka ce su ne hawa na uku na gwamnati. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna.

Soke harajin nan rahama ce ga talaka, ba mai musun haka, don an san irin wulaƙancin da magidanci yake sha idan ya kasa biya. Amma akwai abin da ya tafi tare da shi. A da kuɗin hukuma daga aljihun mutanen gari yake tasowa ya hau sama. Yanzu daga sama yake saukowa, daga rijiyoyin mai da tashoshin jiragen ruwa zuwa Abuja, daga Abuja zuwa Kaduna, abin da ya saura ya iso Zariya. Mutum yakan bi sawun kuɗin da ya fita daga aljihunsa. Wanda bai ga fitarsa ba kuwa sai ya ɗauke shi kyauta ce daga mai mulki: in an yi masa kwalbati ya yi godiya, in ba a yi ba ya ce Allah ya kyauta. A ganina wannan ɗabi'a ta fi kowace doka ɗaure wa halin da muke ciki gindi.

Ga yadda kuɗin yake tafiya. Duk wata kwamitin rabon arzikin ƙasa yakan zauna. Daga babban asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Daga harajin VAT kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Idan aka zo raba kason babban asusun, kashi 40 daidai wa daida ake yi, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma a duba faɗin ƙasa da yanayinta, da ma'aunin ilimi da lafiya, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Tsarin ba ya yi wa gari mai cunkoso daɗi. Ƙidayar 2006, wadda har yau ba a sake wata ba, ta ba ƙaramar hukumar Zariya mutum sama da 400,000, Sabon Gari kuma wajen 290,000. Dubi yadda Ɗan Magaji da Gwargwaje da Hanwa da Hayin Dogo suka tumbatsa tun daga lokacin. Ƙara da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da sauran manyan makarantun garin, da kuratan soja na Depot, da masu jinya da ke kwararowa asibitin koyarwa na Shika daga jihohin maƙwabta. Duk suna zubar da shara, suna bin titi, suna shan ruwa, alhali lissafin rabon yana nan inda aka bar shi tun 2006.

Duk da haka kuɗin ba kaɗan ba ne, musamman tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Kafin nan abin da ake rabawa a wata bai cika kai naira tiriliyan 1 ba. A 2024 kuwa babu watan da bai haura tiriliyan 1 ba. Gaskiya ne darajar naira ta faɗi, buhun siminti da albashi duk sun tashi, amma talakan da ya biya kuɗin cire tallafin da cikinsa yana da haƙƙin ya san inda kason garinsu ya shiga.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashen ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a zuba kason ƙananan hukumomin a ciki, jiha ita ma ta ƙara nata gudummawar, wadda dokar rabon kuɗi ta ƙayyade kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigarta na cikin gida. Manufar asali ita ce asusun ya zama mahaɗa, kuɗi ya shigo ta ƙofa biyu ya fita zuwa ƙananan hukumomi. A aikace sai ya zama wurin yanka. Kafin giran, wato kason wata-wata, ya iso sakatariya an cire albashin malaman firamare an miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, an cire na ma'aikatan lafiya, an cire fansho, an cire kason masarautu da na horas da ma'aikata, a jihohi da dama kuma an cire na abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda ba ciyaman ne ya zaɓe su ba. Abin da ya rage shi ne za a biya sauran ma'aikata da kansiloli, a sayi man janareta, in da saura a gina burtsatse. Shi ya sa idan dattijon unguwa ya tare kansila da maganar kwalbati, amsar da ya saba ji ita ce: “Wallahi Baba, abin ba a hannunmu yake ba, daga sama ne.” Sau da yawa kuma gaskiya kansilan ya faɗa.

Dole a yi wa ɓangaren jihohi adalci, don hujjarsu ba ta banza ba ce. A 1991 gwamnatin Babangida ta miƙa makarantun firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, har a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka koma cire albashinsu tun daga tushe. Shi ya sa har yau ƙungiyar malamai ta NUT, duk da ba ta ƙi 'yancin ƙananan hukumomi ba, take cewa kada a mayar da albashin 'ya'yanta hannun ciyamomi. Sannan akwai ƙananan hukumomin da kasonsu ba ya isar albashinsu, sai an haɗa tukunya ɗaya an ɗebi na wasu an cike musu. Ba a manta kuma da ciyamomin da ba a ganinsu a ofis sai ranar da giran ya shigo, da ma'aikatan bogi da suka cika takardar albashi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma dubi abin da wannan hujja ta haifar a jiharmu. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ta ce ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar albashin masu sarautar da ma'aikatansu ba. A shekarar dai aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su aka ɗauki sababbi. A 2021 aka sake sallamar dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago a watan Mayu, wanda ya tsayar da jihar cak. Jama'a sun rabu a kan waɗannan matakai, wasu na ganin gyara ne da ya zama dole, wasu na ganin an yi gaggawa an jefa gidaje cikin ƙunci. Ko wane ɓangare mutum yake, abu guda ba ya canzawa: albashin duk waɗannan mutane daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fita, amma a Kaduna aka yanke shawarar makomarsu. Malamin da aka sallama a Gyallesu ba shi da abin da zai je ya ce wa kansilan Gyallesu.

A ɗauko Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, a bi shi a cikin garin Zariya. Kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu suna ciki. Kwasar shara da gyaran magudanan ruwa da titunan cikin unguwa da fitilun kan hanya suna ciki. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sanya wa tituna suna da lambar gidaje, lasisin keke da amalanke da baro, kuɗin shaguna da allunan talla, da hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. To, kasuwar Sabon Gari da ta Ɗan Magaji kamfanin raya kasuwanni na jiha ne ya sake gina su, kuma 'yan kasuwa da dama sun koka cewa kuɗin sababbin shagunan ya fi ƙarfinsu, ba su kuwa da wani zaɓaɓɓe a kusa da zai iya rage ko sisi. Tun dokar haraji ta 2016, hukumar KADIRS ce ke da ikon karɓar kuɗin shiga a jihar, har da wanda a ƙa'ida na ƙananan hukumomi ne. Takardar fili tana wurin KADGIS, izinin gini yana wurin KASUPDA, titi yana hannun 'yan KASTLEA, asibitocin matakin farko suna ƙarƙashin hukumar lafiya ta jiha. A 2021 ma an kafa hukumomin kula da birane uku, Kaduna da Zariya da Kafanchan, kowace da shugaban da gwamna ya naɗa, aka ɗora musu ayyuka irin waɗanda jadawalin ya lissafa.

Ba duk wannan ne ya zama sharri ba. Hana karɓar tsabar kuɗi a hannu ya rage 'yan rasit ɗin bogi, kuɗin shigar jihar ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 ya haura biliyan 50 a 2020, kuma wanda ya san Ƙofar Doka kafin a yi gada ya san an yi aiki. Kafa hukumar birnin ma da dalilinsa, don Zariya gari ɗaya ne da aka raba biyu a takarda tun da aka cire Sabon Gari a zamanin Babangida. Kogin Kubanni bai san iyakar ƙaramar hukuma ba: sharar da aka zuba masa ta wajen Samaru ita ce ke toshe shi a tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, damina ta zo ruwa ya shiga gidajen mutane ta kowane ɓangare. Gari irin wannan yana buƙatar tsari guda na shara da magudanai da sufuri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce maganin raunin hukumar da jama'a ke zaɓa shi ne a ɗora mata wadda ba wanda ya zaɓa. Majalisun Zariya da Sabon Gari za su iya kafa kwamitin haɗin gwiwa a kan Kubanni da shara, kowace ta zuba kasonta, a bar wa jiha sa ido da taimakon ƙwararru.

Wannan rikicewa ta sa Bazazzagi bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Ruwan famfo aikin jiha ne. Babban aikin ruwan Zariya, da madatsar Galma da matatar da aka gina don tace lita miliyan 150 a rana, da bututun da aka shimfiɗa da bashin Bankin Musulunci da Bankin Raya Afirka, ba abin da ya haɗa shi da ciyaman. Amma idan famfo ya ƙafe aka koma sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa, ciyaman ake zagi, shi kuma sai ya haƙa burtsatse don a sarara masa. Lambatun ƙofar gida kuwa, wanda aikinsa ne tsantsa, sai a rubuta wa ɗan majalisar tarayya takarda a kansa.

Nan ma akwai abin lura da ya keɓanci garinmu. Tun Yunin 2023 ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya, Abbas Tajudeen, Iyan Zazzau, shi ne Kakakin Majalisar Wakilai, mutum na huɗu a jerin shugabannin ƙasa. Ayyukan mazaɓa sun shigo garin, tituna da fitilu masu aiki da hasken rana da gine-ginen makarantu, kuma duk mai son Zariya zai yi maraba da su. Sai dai yawan ayyukan ya rufe mana ido daga giɓin da ke ƙasa. Kujerar kakaki ba gado ba ce, wata rana za ta koma wata jiha. Aikin mazaɓa kuma ginawa yake yi ya wuce, ba ya zuwa da kuɗin kulawa. Batirin fitilar nan zai mutu, magudanar sabon titin za ta cika da yashi da leda, rufin ajin zai yi yoyo. Wanda doka ta ɗora wa yashe magudanar nan duk shekara kafin ruwan farko shi ne ƙaramar hukuma, kuma ita ce muka daina tambaya.

Maganar zaɓe ita ce ta fi min ciwo. Hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ita ke shirya zaɓen ciyamomi 23 da kansiloli 255, ciki har da mazaɓu 13 na Zariya da 11 na Sabon Gari, kuma gwamna ne ke naɗa shugabanninta. A Mayun 2018 jihar Kaduna ta zama ta farko a ƙasar nan da ta yi zaɓe da na'ura, aka maimaita a Satumbar 2021. An yi ƙorafe-ƙorafe a duka biyun, amma jam'iyyar adawa ta ci wasu ƙananan hukumomi, har a 2021 gwamna mai ci ya rasa akwatin da ya kaɗa ƙuri'a. A 2024 aka ajiye na'ura aka koma takarda. Ranar 19 ga Oktoba aka yi zaɓe, hukumar ta bayyana cewa APC ta cinye kujerun ciyaman 23 da na kansila 255 duka, 'yan adawa kuma suka yi watsi da sakamakon.

A ajiye wannan kusa da zaɓen 2023 a jihar nan ɗaya. PDP ce ta ci kujerun sanata uku, ɗan takararta na shugaban ƙasa ne ya zo na ɗaya a jihar, kuma tazarar da Malam Uba Sani ya bayar a zaɓen gwamna ba ta wuce ƙuri'a dubu goma sha ɗaya ba cikin sama da miliyan ɗaya da rabi. Ba a cika shekara biyu ba aka ce jam'iyyar ba ta iya cin kansila ko ɗaya ba a faɗin jihar. Mai hankali zai yi tambaya. Ciwon kuma ba na jam'iyya ɗaya ba ne: mako guda bayan namu NNPP ta cinye ƙananan hukumomi 44 na Kano, jihohin PDP ma haka suke yi. Kotu ta hana kantoma, sai aka samu hanyar da mai mulki zai ci gaba da zaɓar wanda yake so a kira shi zaɓaɓɓe. Tun ma kafin ranar zaɓen an gama magana a wurin fidda gwani, inda ake kiran ɗauki-ɗora da sunan maslaha. Ciyaman ɗin da ya hau ta wannan hanya, ko an zuba masa giran a asusun da ba mai taɓawa sai shi, idan ubangidansa ya kira ya ce a kawo kaza, zai kai. Ba alƙalin da zai iya hana mutum miƙa abin da ke hannunsa da kansa.

Shi kansa hukuncin aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sakataren Gwamnati, George Akume, aka ba jihohi wata uku su yi zaɓe, abin da ya sa aka yi ta zaɓuɓɓukan gaggawa a ƙarshen 2024. Daga nan aka shiga maganar buɗe wa kowace ƙaramar hukuma asusu a Babban Banki da sharuɗɗan da za ta cika, shekara ta zagayo ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE tana kukan cewa har yanzu kuɗin ta hannun jihohi yake bi. Jihar Anambra ma doka ta yi a Oktoban 2024 da ta wajabta wa ƙananan hukumominta su mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi. Ba wannan ne karon farko ba: a 2019 hukumar NFIU mai sa ido a kan hada-hadar kuɗi ta hana gwamnoni taɓa asusun haɗin gwiwa, ta ƙayyade cire tsabar kuɗi naira 500,000 a rana, gwamnoni suka kai ƙara suka faɗi, amma abin bai sauya da yawa ba.

Dalilin da ya sa ake iya wannan zillewa yana cikin kundin kansa. Kotu ta yi fassara ne, ba ta goge sashe na 162 ba, asusun haɗin gwiwa yana nan a rubuce. Sashe na 7 kuma, wanda ya tabbatar da zaɓaɓɓiyar ƙaramar hukuma, shi ne dai ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka a kan tsarinta da kuɗinta da ayyukanta. Gyara na dindindin sai an taɓa kundin, hakan kuma yana buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. A 2022 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurorin 'yancin ƙananan hukumomi, aka aika wa jihohi, ba a samu 24 ɗin ba. A ɓangaren jiharmu kuma a tuna da abin da Gwamna Uba Sani ya faɗa da bakinsa a Maris ɗin 2024, cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a biya ba. Jihar da ke ɗauke da irin wannan nauyi, ko wane ne gwamnanta, ba za ta so a raba ta da ikon tsara kuɗin ƙananan hukumomi ba, don haka ba abu ne da za a bar wa kyakkyawar niyyar mutum ɗaya ba.

Wasu na ganin a miƙa wa INEC zaɓen ƙananan hukumomi, ni ma ina tare da su. A Abuja, inda INEC ke shirya shi, zaɓen 2022 ya ƙare ne uku da uku tsakanin APC da PDP. Ba zai warkar da ɗauki-ɗora a cikin jam'iyya ba, amma aƙalla ɗan takara zai san akwai ranar da zai tsaya gaban mutanen Kwarbai da Kaura da Tukur-Tukur kuma za su iya kayar da shi. Albashin malamai da ma'aikatan lafiya kuwa a ci gaba da cire shi daga tushe, a rubuce cikin doka, da adadin da kowa zai iya gani, don kada a maimaita 1991. Kasuwa da tasha da shara su dawo gida, ko da KADIRS za ta ci gaba da karɓa ta banki, muddin za a riƙa bayyana nawa aka tara a Zariya da nawa aka dawo mata da shi.

Kafin a kai can akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Adadin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ba sirri ba ne, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa shi, duk mai waya zai iya dubawa. Akwai babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha da doka ta ɗora wa fitar da rahoto duk shekara. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Garin da ke da tsangayar shari'a da sashen nazarin ƙananan hukumomi a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello bai kamata ya rasa masu zama su karanta kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsu su fassara wa jama'a da Hausa a rediyo ba. Ƙungiyoyin unguwa da ke tara kuɗi su yi aikin gayya su yashe lambatu, Allah ya saka musu, amma su ƙara da gayyato kansilansu duk bayan wata uku ya zo da takarda: nawa ya shigo, nawa aka cire a Kaduna, me aka yi da saura. Kansila ba ɗan aiken ciyaman ba ne, su ne majalisar da ke amincewa da kasafi, kuma kansilan da ya san za a tambaye shi a gaban masallacin unguwarsu zai fara tambayar ciyaman tun a zauren majalisa.

Duk ranar da ƙudurin gyaran kundi ya sake zagayowa, a zauren majalisar dokokin jiha, Lugard Hall, za a kaɗa ƙuri'ar jihar Kaduna, cikin 'yan majalisa 34. Huɗu daga ciki namu ne: Zariya Birni, Zariya Kewaye, Sabon Gari da Basawa. Masu neman waɗannan kujeru za su zo neman ƙuri'a unguwa-unguwa kafin 2027, shekarar da wa'adin ciyamomi na shekara uku shi ma zai cika. A tambayi kowannensu a bainar jama'a, a ɗauki muryarsa a waya: idan ƙudurin soke asusun haɗin gwiwa da na karɓe zaɓe daga hannun hukumar jiha ya zo gabanka, hannu za ka ɗaga ko a'a?